Yadda Ake Darasi Da Waya Da Talabijin A Ajin Firamare Inda Babu Wuta Babu Intanet

Tun da makarantu suka fara komawa aiki a jihohin gabashin Sudan, tambayar da 'yan'uwa malamai suka fi turo mini ita ce: "Ustaz, wai yaya kuke yi da na'ura a aji mai yara sittin, alhali wuta sai ta ga dama, data kuma ta fi ƙarfin aljihu?" Masu tambayar wasu suna Mai Wurno, wasu Kassala, wasu Damazin, amma damuwarmu kusan ɗaya ce. Yaro ya tashi da Hausa a baki, ya zo makaranta ya tarar littafi da Larabci yake magana. Ga shi yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya zaunar da yara da yawa a gida fiye da shekara guda, har ka ga ɗan shekara goma sha biyu a aji uku yana laluben baƙaƙe.

Abin da zan zayyana shi ne tsarin da muke bi a wata makarantar ƙauye a jihar Gadarif, daki-daki. Abu guda nake so a riƙe tun daga nan: a hissa, wato lokacin darasi guda, ta minti 40, na'ura ba ta wuce minti 10 zuwa 12 a kunne. Sauran lokacin na bakin yaro ne da hannunsa.

Mataki na 1: Gwada yaran kafin ka sayi komai

Ɗauki takarda guda ka rubuta baƙaƙe goma, kalmomi biyar masu sauƙi, jimla biyu, sai gajeren labari mai layi uku. A bayanta ka sa lissafi: gane lambobi, tarawa, da ɗebewa mai aro. Kira yaran ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙarƙashin rumfa, kowa minti uku. Inda yaro ya cije, nan ne matsayinsa. Aji mai yara sittin zai ci maka hissa huɗu ko biyar, saboda haka ka roƙi abokin aiki ya riƙe maka sauran. Idan ka gama sai ka kasa su gida uku: masu baƙi, masu kalma, masu jimla. Ajiye takardar sakamakon da kyau, za a neme ta a mataki na 9.

Gargaɗi: kada a kasa yara da shekaru ko tsawo, kuma kada a sa wa rukuni sunan da zai nuna su ne na baya. Mu sunayen koguna muke sa musu, Rahad da Dindir da Atbara. Babban yaron da aka kira "na ƙarshe" a gaban ƙannensa, gobe gona zai nufa, kuma dawo da shi aiki ne ja.

Mataki na 2: Zaɓi kayan da za ku iya riƙewa

Kayan hawa uku ne. Hawa na farko: wayar malam mai Android, sifika mai Bluetooth wadda muryarta ke kai bangon baya, katin memori na gigabait 32, da fawa banki. Rabin ayyukan da zan ambata da waɗannan kaɗai ake yin su, don haka wanda bai wuce nan ba kada ya ce bai fara ba.

Hawa na biyu: talabijin inci 32 mai ramin filashi, filashi guda biyu, farantin sola, batir, da na'urar daidaita caji wadda masu sola ke kira kwantirola. Idan ka samu talabijin mai aiki da bolt 12 kai tsaye, shi za ka ɗauka, domin ya raba ka da sayen inbata da asarar wutar da take yi.

Hawa na uku: wayoyi ko kwamfutocin hannu biyar ko shida na aikin rukuni. Ba sai sababbi ba. Kusan kowane gida a nan yana da ɗan'uwa a Makka ko Jidda da ya ajiye tsohuwar waya a akwati. Wadda gilashinta ya tsage amma tana jin taɓi, a karɓa. Wadda batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfi, a mayar da ita da godiya, ba ta shiga hannun yaro.

Majigi fa? Ban ba da shawararsa ba. Mai araha ba ya nuna komai sai an rufe tagogi, kuma wanda ya san zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ya san rufe yara sittin a ɗaki mai rufin kwano zalunci ne. Ƙura kuma tana toshe masa fanka.

Hattara: mutane da yawa suna sayen kebul ɗin HDMI da tunanin za su jona waya da talabijin. Yawancin wayoyi masu araha ba sa fitar da hoto ta ramin caji, ko da kebul ɗin ya shiga daidai. Filashi ya fi tabbas. In dai sai ka sayi kebul ɗin, tafi da wayarka shago a gwada a gabanka.

Mataki na 3: Tara kuɗi da sayayya

Fara da nazir, wato shugaban makaranta, sannan majalisar iyaye. Kada ka je musu da dogon bayani. Nemi izinin uban wata yarinya, ka ɗauki muryarta tana karatu, ranar taro ka kunna a sifika. A namu taron wani dattijo ya karkata kunne har aka gama, sannan ya ce, "Ustaz, wannan jikata ce? Sake sa mini." Na ce, "Ita ce, Baba." Bayan nan maganar kuɗi ba ta yi wuya ba. Idan wani ya ce wannan abu na 'yan birni ne, a tuna masa cewa shirin koyar da yara ta hanyar wasa mai suna Can't Wait to Learn, na ƙungiyar War Child Holland, a ƙauyukan Sudan aka fara gwada shi, tare da ma'aikatar ilimi da Jami'ar Ahfad, da kwamfutocin hannu da ake caji da hasken rana.

Lokacin neman gudummawa shi ne bayan an yanke riɗi, ko bayan dawa ta shigo gida. A tsakiyar damina ba wanda ke da rarar ko sisi. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo malwa (mudun awon da ake amfani da shi a Sudan) ɗaya ko biyu ta hatsi a haɗa a sayar.

A tura mutum biyu kasuwar Gadarif su tambayi farashi a shago uku a rana ɗaya, su rubuta. Batir da talabijin su ne ke cinye mafi yawan kuɗin, faranti na biye da su, sauran tarkace ne. Idan abin da aka tara bai kai ba, ga jerin da za a bi: sifika da memori, sai faranti da batir da kwantirola, sai talabijin, wayoyi a ƙarshe. A ware kashi ɗaya cikin goma na gyara tun daga farko, kuma a sanar da iyaye cewa batirin dalma a irin zafinmu ba kasafai yake wuce shekara biyu zuwa uku ba, don kada ranar da ya mutu a ce malam ya ci amana.

Gargaɗi: kada a tara kuɗi a zauna a kansu. Darajar fam, kuɗin Sudan, na zubewa, abin da ya isa batir a wannan wata wataƙila wata mai zuwa ba zai isa ba. A saya cikin makon da aka tara. Gudummawar da ta shigo ta Bankak, manhajar banki ta tura kuɗi a waya, kuma kada ta tsaya a sanin mutum ɗaya: a rubuta kowace shigowa a littafi, mutum biyu su sa hannu, a karanta a taro.

Mataki na 4: Lissafin wuta da haɗa sola

Nan ne aka fi tafka asara, don haka zan ɗan daɗe. Kowace na'ura an rubuta wat ɗinta a bayanta. Ninka wat da awoyin da za ta yi a kunne, ka tara duka. Misali: talabijin mai wat 45 na awa uku, 135 ke nan. Sifika mai wat 10 na awa uku, 30. Cajin waya biyar, kowace ka ƙiyasta mata 25, ya zama 125. Jimla 290. Ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda abin da ke salwanta a kebul da caja, ka ce 390 a rana.

Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 100Ah yana ɗauke da 1,200 a wannan lissafin, wato 12 sau 100, amma idan na dalma ne rabi kawai ake taɓawa, wato 600. Ya isa, har da ɗan saura na ranar hadari. Faranti mai wat 150, idan ka ba shi awa biyar na rana mai ƙarfi ka cire abin da zafi da ƙura ke ci, zai ba ka wajen 500. Kwantirola mai 20A ta dace, ta kuma bar maka wurin ƙara faranti nan gaba.

Wajen haɗawa, ga jerin da ba a saɓawa. Da farko jona batir da kwantirola, ja a wurin alamar tarawa, baƙi a wurin alamar ɗebewa, ka sa fiyus a kan jan kebul kusa da batir. Jira kwantirola ta haska ta gane batirin. Sannan ka jona faranti. Kayan aiki su ne na ƙarshe. Ranar da za a kwance, faranti ake fara cirewa.

Faranti ya fuskanci kudu, a ɗan jingine shi kamar digiri 15, yadda ruwa da ƙura za su gangara. A ɗaure shi da ƙarfe da noti, domin iskar farkon damina ba ta barin abin da aka danne da dutse. A tabbata inuwar bishiya ko ta tutar makaranta ba ta faɗa masa tsakanin hantsi da la'asar, saboda inuwa a kusurwa ɗaya tana rage ƙarfin farantin gaba ɗaya.

Gargaɗi: wanda ya fara jona faranti kafin batir yana iya ƙona kwantirola nan take. Kada kuma a yarda da batirin mota don ya fi araha. An ƙera shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu, idan ana zuƙe shi kullum cikin 'yan watanni zai mutu. Batirin da ake zuba wa ruwa, ruwan batir kawai ake zuba masa, ba na randa ba, kuma a ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da hannun yara. Na lithium ya fi tsada amma ya fi jure zuƙa da daɗewa, in aljihu ya kai shi ne zaɓina.

Mataki na 5: Tanadi abin da za a nuna

Wanda ya ga yadda layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a Fabrairun 2024 ba zai jingina darasinsa da intanet ba. Ƙa'idarmu ita ce komai ya kasance cikin memori kafin ranar darasi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum ɗaya ya shiga gari inda layi ke da ƙarfi ya sauke na wata guda, ya dawo ya raba wa sauran ta Xender ko Quick Share, waɗanda ba sa cin data.

Na koyon baƙaƙen Larabci akwai Feed the Monster da Antura and the Letters. Dukansu an yi su ne saboda yaran Siriya da yaƙi ya raba da makaranta, kyauta ne, kuma suna aiki ba intanet. GCompris na da wasannin lissafi da tunani fiye da ɗari na yara masu shekara 2 zuwa 10. A shafin African Storybook akwai gajerun labarai masu hoto da Hausa da ake iya saukewa. Kiwix kuwa na malam ne, yana ba ka damar ajiye Wikipedia ta Larabci ko ta Hausa a waya. Sai dandalin Learning Passport da UNICEF da ma'aikatar ilimi suka buɗe wa Sudan a 2021, mai darussan Larabci bisa manhajar ƙasa, ya cancanci a leƙa shi ranar da aka samu layi mai kyau.

Bidiyo a sauke shi a ƙaramin inganci, 360 ko 480 ya wadatar a talabijin inci 32, kuma na minti goma ba ya cika wuce megabait 100. Kowane bidiyo kada ya wuce minti biyar ko shida. Idan ya fi haka a yanka shi.

Amma abin da ya fi yi mana amfani ba a intanet yake ba. Rubuta kalma ko tambaya da maka mai kauri a farar takarda, ka ɗauke ta hoto, ka zuba a filashi. Haka za ka yi da shafin littafin da ake da kwafi uku kacal a aji: ɗauki hotonsa rabi-rabi don rubutun ya yi girma. Sa wa hotunan lamba 01, 02, 03 don su jeru, kowane darasi da jakarsa.

A kula da abu uku a nan. Yawancin talabijin ba sa buɗe PDF daga filashi, hoto da bidiyon MP4 suke ganewa, kuma filashin ya zama an tsara shi a FAT32. Na biyu, littattafan da ake yawo da su a WhatsApp ba duka ne bugun da ake aiki da shi ba. An taɓa manhajar karatu tun da aka koma tsarin shekara shida na firamare da uku na matsakaiciya, don haka ka gwada abin da ka sauke da bugun Bakht al-Ruda, cibiyar da ke tsara littattafan makarantun Sudan, da jiharku ke koyarwa. Na uku, wasu manhajojin waya suna rubuta lambobi irin na boko, littattafanmu kuwa da na Larabci suke. Rubuta jerin biyun gefe da gefe a saman babban allo ka bar su a can.

Kuma kada ka nuna bidiyon da ba ka kalla daga farko har ƙarshe ba, ko wane ne ya turo maka shi.

Mataki na 6: Shirya wayoyi da ɗaki

Kowace wayar rukuni a cire mata layi, a goge abin da mai ita na da ya bari, a sa ta a yanayin jirgin sama. A sashen tsaro na saitin Android akwai inda ake kafe manhaja ɗaya a fuskar waya, yadda yaro ba zai iya fita zuwa wani wuri ba. Kunna shi. Manna wa kowace waya lamba a baya, ka sa mata riga mai kauri.

Talabijin a rataye shi a bangon da ba ya kallon taga, ƙasansa ya ɗan wuce kan yaron da ke zaune a layin gaba. Je ka zauna a bencin ƙarshe ka duba da idonka. Abin da kai ba ka iya karantawa daga can, yaro ma ba zai iya ba. Idan ɗakin dogo ne, a lokacin kallo a shimfiɗa tabarma a gaba, ƙanana su sauko, manya su matso. Yaron da ka ga yana ƙanƙance ido ko yana kwafa daga maƙwabci kullum, dawo da shi gaba ka kuma gaya wa iyayensa.

Sai ƙananan alluna. Kafinta ya yanka maka falanki sirara girman littafi, a shafa musu baƙin fenti, yara biyu su raba ɗaya. Ba tare da su ba duk tsarin nan kallo ne kawai.

Gargaɗi: rage sautin sifika har ƙasa kafin ka kunna, sannan ka ƙara a hankali. A ajujuwanmu akwai yaran da suka gudo daga Khartoum da Madani da Sinja. Ƙara ta bazata tana iya sa yaro ya faɗa ƙarƙashin benci yana rawar jiki, kuma wannan rana ta tafi ke nan gare shi. Duk bidiyo mai ƙarar jirgi ko fashewa, ko na zane ne, a bar shi.

Mataki na 7: Raba minti arba'in

Haɗa komai kafin tabur, wato layin safe na ɗalibai, ka gwada, ka kashe, ka yafa wa talabijin zane. Idan yara suka shigo suka tarar yana haske, ba mai sauraronka.

Minti biyar na farko: faɗi abin da za a koya, ka jefa tambaya ɗaya da za su nemo amsarta a cikin abin da za su gani. Minti goma na biye: kallo ko sauraro, amma kana tsayarwa duk bayan minti biyu. Ka yi tambaya, kowa ya rubuta a allonsa, ka ƙirga uku, a ɗaga gaba ɗaya. Da kallo ɗaya za ka san ko a wuce ko a maimaita. Sannan ka kashe, ka mayar da zane. Minti goma sha biyar: aikin rukuni ko na littafi. Minti bakwai: rukuni biyu ko uku su tashi su faɗi abin da suka samu. Ukun da suka rage na tattara kaya ne, alfa, wato monitan aji, ya ƙirga wayoyi da babbar murya kafin kowa ya fita.

Game da harshe, ga yadda muke yi: a saurara da Larabci, yara biyu-biyu su tattauna da Hausa, sannan a ba da amsa da cikakkiyar jimlar Larabci. Yaron da ya fahimci abu da harshen uwarsa, ɗora masa kalmar Larabci a kai ba wuya. Ina adawa ƙwarai da dukan yaro ko cin tararsa don ya yi Hausa a aji, abin da hakan ke haifarwa shi ne aji mai shiru wanda ba a san me ya gane ba. Yaran da suka zo gudun hijira ba sa jin Hausa kuwa, haɗa kowannensu da ɗan gari, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa.

Ranar aikin waya, ba duka aji ke riƙe ta lokaci ɗaya ba. Rukunin Rahad na kan wayoyi, yara huɗu a kowace, Dindir na karatu da malam, Atbara na rubutu. Gobe a juya. A kan kowace waya, ɗaya na taɓawa, ɗaya na faɗin abin da ya fito da baki, ɗaya na rubutawa a allo, ɗaya na lura da juyi. Duk bayan tambaya uku waya ta wuce hannun na dama.

Hattara: idan ba ka tsaya a kan juyin nan ba, babban namiji ne zai riƙe waya har a tashi, 'yan mata da ƙanana su zama 'yan kallo. A aji mai gauraye gara a ware wa 'yan mata nasu wayoyin.

Mataki na 8: Ayyukan da suka fi karɓuwa

Jin muryar kai. Yaro ya karanta layi uku, a ɗauka, a sa masa ya ji shi da abokinsa. Sau da yawa kafin ka buɗe baki shi da kansa zai ce, "Ustaz, na tsallake kalma." Ya sake, a ajiye na biyun da sunansa da kwanan wata. Kada a sa muryar mai rauni a sifika gaban aji.

Ƙamus na hoto. Rukuni ya zagaya harabar makaranta da waya ɗaya ya ɗauko abu goma: randa, tsintsiya, amalanken jaki, zangarniyar dawa. A nuna a talabijin, aji ya faɗi sunan Hausa, a nemo na Larabci, kowa ya rubuta ya sa a jimla. A zango ɗaya za ku tara kalmomi ɗaruruwa waɗanda duk yaro ya taɓa su da hannunsa.

Lissafin kasuwar hatsi. Wannan na fi so, domin nan ne yaran da aka ɗauka ba su iya komai ba suke ba da mamaki. Ɗauko hoton malwa da kela, ma'aunin da ya fi ta girma, a wurin mai awo, da izininsa. Tambayi aji kela ɗaya malwa nawa ce, za su amsa da ƙarfi, huɗu. To malwa ɗaya wane kashi ce na kela? Rubu'i ya shigo ke nan ba tare da kowa ya tsorata ba. Malwa biyu rabi, uku rubu'i uku. Ga 'yan aji biyar ka hau zuwa ardab mai kela 12, su nemo malwa nawa ke cikinsa. Akwai wani yaro a bencin baya, babba, da ya shekara yana taya kawunsa awo lokacin da makaranta ke rufe. Kafin in gama tambaya ya ɗaga allo da 48. Na ce, "Taso, ɗana, nuna musu yadda ka yi." Ya tsaya gaban hoton yana lissafawa da yatsu, kela goma arba'in, biyu takwas. Tun daga ranar shi ke jagorantar rukuninsa a lissafi, ni kuma na samu ƙofar da zan ja shi zuwa karatu.

Tsiro. A shuka wake a gwangwani, kullum bayan fatur, wato hutun karin kumallo, a ɗauke shi hoto daga wuri ɗaya, da rula a tsaye a gefensa. Bayan mako biyu a jera hotunan a wuce da su da sauri. Yara su rubuta tsawon kowace rana a jadawali.

Tatsuniyar kaka. Malam ko malama ta je da yara biyu gidan wata tsohuwa da ta yarda, a ɗauki tatsuniya gajera tun daga "ga ta nan ga ta nanku" har "ƙurunƙus". A saurara a aji, rukuni-rukuni su zana abin da Gizo ya yi, su rubuta jimla uku da Larabci a ƙarƙashi. Wanda ya kai, ya rubuta ta da Hausa ma.

Gargaɗi: hoton abubuwa ake ɗauka, ba fuskar yara ba. Kada a sa hoto ko muryar yaro a Facebook ko WhatsApp sai da yardar iyayensa a fili, musamman 'yan mata da suka fara tasawa. Kuma a halin da ƙasa ke ciki, kada yaro ya fita daga harabar makaranta da waya yana ɗaukar hoto, balle kusa da shingen bincike, gada ko wurin sojoji.

Mataki na 9: Duba ko ana gaba

Bayan mako shida ka ɗauko takardar mataki na 1 ka sake gwajin, da wasu kalmomin daban masu nauyi iri ɗaya. Wanda ya haura a matsar da shi rukuni na gaba. Idan ka ga yara suna cin maki a wasan waya amma sun kasa karanta baƙin nan a takarda, to hannu ne ya haddace inda ake taɓawa. Rage waya, ƙara allo. Ka kai sakamakon taron iyaye, su ne suka biya.

A wannan lokaci ne kuma za ka jawo malami na biyu. Ya zauna a ajinka hissa biyu, ya yi ta uku kana zaune. Idan kai kaɗai ka iya, ranar da aka yi maka canjin makaranta kayan za su koma kabad.

Mataki na 10: Tsafta, ajiya da hutu

Faranti a goge shi da tsumma mai laushi da ɗan ruwa da sassafe, sau biyu a mako, da kuma duk bayan habub, wato guguwar ƙura. Kada a watsa masa ruwa da tsakar rana yana da zafi. Wayoyi a yi musu caji a inuwa, ba a kan taga ba, ba kuma cikin rufaffen akwati ba. Idan an tashi a sa su a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, talabijin a lulluɓe shi. Makarantar da ba ta da mai gadi, ko wadda har yanzu wani sashenta masauki ne na 'yan gudun hijira da mutane ke shige da fice, gara kayan su kwana a gidan da majalisar iyaye ta zaɓa, da littafin sa hannu na fita da shiga. Filashi na biyu kwafin na farko ne, ya zauna wurin nazir.

Mutanen gari za su zo neman caji, wannan ba makawa. Ku yanke hukunci a taro tun wuri. Idan an yarda, ya zama bayan an tashi, rana na sama, da adadin wayoyin da aka ƙayyade, kuɗin kuma ya shiga asusun batir. Da yamma ko da dare a'a, domin abin da aka zuƙa da dare shi ne darasin safe.

Lokacin dogon hutu, batirin dalma a bar shi jone da faranti da kwantirola, a cire kayan aiki kawai, domin idan ya zauna ba caji wata biyu ba lallai ya sake tashi ba. Wayoyi kuwa a bar su da rabin caji, a kashe su gaba ɗaya, wani ya riƙa kunna su sau ɗaya a wata yana mayar da su rabi. Mako guda kafin a dawo a duba ruwan batir, a ɗaure notin da ya saki, a gwada filashi a talabijin.